Mai gyaran keken da ya raka mu Zariya da dawowa: hannu akwai, tsari ne da saura

Duk mai keke mai giya a garin Kadunan nan ya san wahalar samun mai gyara na gaske. Masu faci kam ko ta ina akwai su, daga Kawo har Sabo ba zaka yi tafiyar kirki baka ga tsohuwar taya a jingine a bakin titi ba, amma wanda zai kwance maka giyar baya ya mayar da ita yanda take ba tare da ya miƙo maka noti ɗaya yace "wannan ƙari ne Alhaji" ba, to wannan sai an tona. Shi yasa nake son in yi bayani akan mutumin da kulob ɗinmu na masu keke ya ɗauka lokacin da muka yi Kaduna zuwa Zariya da dawowa cikin hunturun da ya wuce. Aiki biyu muka ba shi, ya yi wa kekunan sabis kafin ranar, sannan ranar tafiyar ya bi mu da bas da kayan aiki. Na farkon wallahi ban taɓa ganin wanda ya yi shi haka a garin nan ba. Na biyun kuwa da saura, sosai ma.

Ba zan kama suna ba kuma ba zan yi kwatancen shago ba, tunda akwai ƙorafi a maganata kuma bana son a ce na taɓa wa bawan Allah abincinsa. Mu dai Injiniya muke ce masa. Shagon ɗan mitsitsi ne, in kekuna huɗu suka shiga to kai mai keken sai dai ka tsaya waje, ba benci ba fanka, Allah ya taimaka akwai darbejiya da mai shayi a gefe. Sama ya rataye rim da firam na gwanjo 'yan Beljiyam, ƙasa kuma gwangwanayen madara cike da boris da noti da wasu ƙananan ƙarafuna da shi kaɗai ya san na mene ne. Abun da ya fara burge ni shi ne baya kifa keke a ƙasa ya ɗora shi kan sirdi da kai. Yana da ƙarfen da yake maƙale keken a sama, tayar baya na lilo, ya dinga juya feda da hannu ɗaya yana canza giya da ɗayan yana sauraro, kuma a kasuwar Panteka aka haɗa masa ƙarfen da bututun ruwa da walda, ba wani na waje bane.

Ga wanda bai san tafiyar ba, daga tsakiyar Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, zuwa da dawowa kusan 160 kenan, wanda shi ne kusan mil 100 ɗin da masu keke a ƙasashen waje ke ɗauka a matsayin babbar tafiyar yini ɗaya. A mota ba komai bane, kafin ka gama sauraron shiri ɗaya a rediyo ka shiga Gwargwaje. A keke kuwa yini ne sukutum, kuma duk wata 'yar matsalar da kake haƙuri da ita in kana zagayen safiyar Asabar tsakanin Murtala Square da Malali, irin giya ta ɗan yi tsalle ko birki ya ɗan goga ko sirdi ya ɗan yi ƙasa, to a kilomita na ɗari ta daina zama 'yar matsala, ita ce zata sauke ka.

Da cen ya fara, wato sarƙar keken. Nawa keken giya tara ne a baya, Shimano Sora, kuma a ganina cen ɗin lafiyarsa ƙalau tunda bai taɓa tsinkewa ba. Injiniya ya ciro wani ɗan siririn ƙarfe daga aljihun gaban rigarsa, ya maƙala kai ɗaya a cikin cen ɗin ya saki ɗayan, sai ga shi ya faɗa ciki zuruf har ƙasa. Yace "Alhaji ka ga wannan? In ya shige a wajen da aka rubuta 0.75 to cen ya gama aiki, ya saki. Ba tsinkewa zai yi ba, haƙoran giyar zai dinga ci a hankali, ranar da ka ga dama ka canza shi sabon ba zai zauna ba, sai ka sayi giyar baya gaba ɗaya." Ya kuma ce masu giya goma sha ɗaya irin Shimano 105 tun a 0.5 ake cirewa saboda nasu ya fi siriri. Na je gida na bincika, haka abun yake. Ya nuna min haƙoran da nafi amfani dasu guda biyu na tsakiya sun fara yin tsini suna karkata gefe ɗaya, yace waɗannan zasu ɗan ƙara kai ni in na canza cen yanzu. Wani ne da cewa zai yi komai ya mutu a sayo sabo, tunda ga shi nan a shagonsa a rataye.

Sai rigimar baƙin mai. Akwai wani dattijo a kulob ɗin, Baba muke ce masa, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, tun zamanin Raleigh da Phoenix yake hawan keke kuma har yau yana ba yara da yawa kunya a kan hanya. Shi a wajensa ba abun da ya kai baƙin man inji a cen, duk sati sai ya tsiyaya. Injiniya ya duba cen ɗin Baba ya shafa da yatsa ya murza, kana jin yashi na ƙaras-ƙaras, yace "Baba ka yi haƙuri, a hunturu wannan ba mai bane, turɓaya ce kake kwaɓawa tana niƙa maka ƙarfe." Baba yace "yaro, kafin a haife ka nake sa shi." Yace "haka ne Baba, amma keken da kake sa wa a lokacin giyarsa ɗaya ce kuma cen ɗinsa a rufe yake cikin akwati." Baba ya yi shiru ya ɗauki kofin shayinsa. Aka wanke cen ɗin da kananzir da tsohon buroshin haƙori, aka shanya ya bushe, sannan ya bi shi gaɓa-gaɓa da wani mai marar danƙo, ɗigo ɗaya ɗigo ɗaya, ya jira, ya goge na waje tas da tsumma. Yace man da ke aiki na ciki ne, na waje ƙura kawai yake kira.

A wajen taya ne na gane mutumin nan ya san hanya ba shago kawai ba. Yawancinmu tayoyinmu masu lamba 700 ne sirara, faɗin milimita 25 ko 28. Duk wanda ya zo da 23 ya ba shi shawara ya ƙara faɗi in firam ɗin zai ɗauka, saboda gefen titi muke bi inda tsakuwa da gilas da wayar fasassun tayoyin tirela ke taruwa. Kowace taya sai da ya cire ta ya juya cikinta ya bi da yatsa a hankali, ya zare ƙananan wayoyi daga wasu da masu su basu ma san suna yawo dasu ba. Ya duba tef ɗin da ke rufe ramukan sifok a cikin rim, biyu ko uku ya canza, yace wannan ne ke sa mutum ya yi ta faci yana zagin hanya alhali daga ciki ake huda shi. Sannan ya tilasta wa kowa sayen wani ɗan ƙaramin bawul na tagulla da ake ɗaurawa a kan siririn bakin tub ɗinmu, domin famfon masu faci na bakin hanya na mota da mashin ne, bakinsa baya kama namu, in baka da wannan ɗan abun zaka tsaya gaban kwamfaresa tana ruri kai kuma ba iska. Ni kam tun daga lokacin a jikin makullaina yake.

Sifok kuwa da kunne yake ɗaure su. Ya juya tayar, ya dinga ƙyasta su da farce ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi sauti daban ya ɗan murɗa, har rim ɗin ya daina layi. Na tsaya ina kallo har shayina ya huce.

Abu ɗaya da ban yi tsammani daga mai gyara ba shi ne ya ce kowa ya hau kekensa a gabansa. Yaron shagon ya riƙe, kai kuma ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, in ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba to sirdin ya yi daidai. Tsohuwar dabara ce amma tana aiki. Rabin kulob ɗin ashe sirdinsu ya yi ƙasa, saboda mu nan mun saba da son ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune, kuma wannan ne ke kawo ciwon gaban gwiwa in tafiya ta yi nisa. Amma bai yarda ya ɗaga wa kowa da yawa lokaci ɗaya ba ana saura kwanaki a tafi, yace jiki baya son a yi masa bazata, kaɗan-kaɗan, sauran in an dawo.

Maganar kaya da kuɗi. Ba zan rubuta farashi ba don kafin ka karanta ya canza, komai na shagon nan da dala yake tashi. Kuɗin hannunsa dai ya ninka na mai gyaran unguwa, babu ko tantama, kuma baya ragi, in ka matsa sai yace "Alhaji in araha kake so ga su can." Ni ban ga tsadarsa ba in aka duba aikin. Kayan gyara kala uku yake ajiyewa, sabo na asali, na gwanjo da aka ciro daga wani keken, da kuma kwaikwayo mai kwalin da ya yi kama da na asali, kuma zai jera maka su ukun a kan tebur ya gaya maka wanne ne wanne. Wannan kaɗai ya isa in koma. Sai dai na asalin ba kullum ake samu ba, wani abun sai an aiko daga Legas ko Kano, kuma in kekenka na zamani ne sosai, mai birkin mai ko giya goma sha biyu, to ka shirya jira. Wannan ba laifinsa bane, halin da wasan keke ke ciki ne a ƙasar, in ka tuna Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024 sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta yi tseren cikin fili da shi, to ina ga mu 'yan zagayen Asabar.

Yanzu ƙorafi. Mutumin nan bai san lokaci ba. In yace maka "gobe da yamma in sha Allah" to ka ƙara kwana biyu a ranka don kada hawan jini ya kama ka. Waya kuma baya ɗauka, hannu duk giris, sai dare ya kira ka yana ba da haƙuri. Da kulob ya tura masa kekuna da yawa a sati ɗaya sai ya jibge su jikin juna a ɗan shagon nan, feda na gogar firam, wani abokinmu da ya shigo da sabon keke mai fenti ja ya karɓe shi da zane biyu a jiki, ranar sai da aka ba shi baki. Kuma bashi da sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, da hannu yake ƙiyastawa. Shi kansa hannunsa ya saba, amma yaransa basu saba ba, kuma a keken kabon, wato wanda firam ɗinsa ba na ƙarfe bane na zaren kabon ne, in aka matse notin sirdi fiye da ƙima firam ɗin tsagewa yake yi, yawancinsu ma a jikin wajen an rubuta iyakar, 5 ko 6 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. In kekenka kabon ne ka tsaya a kansa, kada ka bari yaro ya taɓa da alanki.

Batun bas ɗin rakiya ma sai da aka yi ta cacar baki a guruf ɗin WhatsApp kafin a yarda. Akwai wani malamin makaranta a cikinmu da ya karanta labarin irin tafiye-tafiyen da ake yi a Faransa, inda ake ba ka awa 13 da rabi ka gama kilomita 200 kuma kowa da kayansa da facinsa, mota bata bin kowa a hanya, har ya kawo mana misalin Faris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200 cikin awa 90, wanda aka fara tun 1891 kuma yanzu duk shekara huɗu ake yi. Yace in waɗancan zasu iya me zai sa mu ɗauki bas saboda Zariya. Baba ne ya kashe maganar, yace "Malam, a can in ka faɗi gefen hanya motar asibiti ce zata zo, a nan tirela ce." Aka yi karo-karo aka biya kuɗin mai da na direba da na Injiniya da yaronsa ɗaya.

Ranar tafiya an ce a haɗu ana idar da Asuba a tashi da ɗan duhu-duhu. Kowa ya zo, har masu zuwa daga Barnawa da Rigasa, ana ta rawar ɗari cikin 'yan rigunan nan masu kama jiki, bas shiru. Waya shiru. Sai da rana ta fito sosai sannan ga su nan, wai direba ne ya tsaya neman mai kuma ƙanƙarar da aka yi oda ba a buɗe shagon ba. Duk abubuwan da ya kamata a gama tun daren jiya. Wanda bai san hunturu a hanyar nan ba zai ce ai awa ɗaya ce kawai, amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, Zariya kuma can ta nufa, wato gaba da gaba zaku yi da ita, kuma da sassafe a kwance take sai rana ta ɗaga take tashi. Awar da muka ɓata a tsaye ita ce mafi sauƙin awa a duk yinin.

Muka haye gadar Kawo muka wuce filin baje koli da cibiyar malamai ta NTI muka bar Rigachikun a baya, har nan lafiya, titin tunda aka sake shi sumul yake kuma akwai faɗin gefe. Daga nan iska ta fara magana. Muka jeru layi ɗaya kowa na maƙale a bayan na gabansa, na gaba ya ja na ɗan lokaci ya koma baya wani ya karɓa, domin wanda ke fakewa a baya yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, kuma a nan ne aikin shago ya nuna kansa, layi guda na kekuna ba ƙara ba ƙiƙi-ƙaƙa, ba wanda giyarsa ta yi tsalle a hawa, sai sautin taya kawai da tarin masu mura.

A Mararrabar Jos aka yi facin farko. Duk wanda ya san wajen ya san tireloli da tankoki a jere hagu da dama, ƙasa duk baƙin mai da guntayen taya. Wani yaro ɗan jami'a a cikinmu tayarsa ta baya ta sace. Kafin ya gama jingine keken bas ta tsaya, Injiniya ya diro da tub a wuya. Ya mayar da cen kan ƙaramar giya, ya buɗe birki, ya zare tayar, bai ko ɗauki ƙarfen ɓanɓara ba da manyan yatsunsa ya tuɓe ta, ya zaro tub ɗin ya hura da baki ya kara a kunci har ya ji inda iska ke fita, ya gwada wajen a jikin tayar, sai ga wata 'yar waya da bata kai ƙwayar shinkafa ba, ya cire ta da abun yanke farce. Sabon tub, famfo, ya mayar. Direbobin tirela sun zagaye mu suna kallo, ɗaya yana tambayar nawa ake biyanmu, da aka ce ba ko sisi mu ma muke kashewa sai ya girgiza kai yace Allah ya ba ku lafiya, kuma bana jin lafiyar jiki yake nufi. Duk abun bai kai a sha fiya wata biyu ba.

Bayan Birnin Yero ne tsarin ya watse. Kulob ba ƙarfi ɗaya ba, masu jini a jika suka yi gaba, mu masu tumbi muka yi baya, tazara ta yi ta buɗewa har ta kai kilomitoci. Bas ɗaya ce kuma dole tana bayan na ƙarshe, wanda daidai ne ta fuskar tsaro tunda ita ke kare mu daga motocin da ke tahowa da gudu. Amma duk ruwa da ayaba da dabino da tub da babban famfo suna cikinta. 'Yan gaba suka wuce Jaji, ɗayansu ya faɗa wani rami da gudu tub ya tsage huda biyu a jere, na ajiyarsa kuma da ya karɓa a shago ashe bakinsa gajere ne, rim ɗinsa mai zurfi, bakin bai ko leƙo waje ba balle famfo ya kama. Mutumin da ya duba tef ɗin cikin rim bai duba tsawon bawul ba, abun ya ban mamaki. Suka zauna a rana ba inuwa suna kiran wayar da ba a ɗauka, har jikinsu ya yi sanyi ƙafa ta sandare kafin mu iso. Ba a ba kowa lambar direba ba, ba a sa wajen haɗuwa ba, ba a ce ga inda za a tsaya shan ruwa ba. Na san wani zai ce ai wannan aikin shugabannin kulob ne, to amma shi yace mana ya saba raka masu keke a bar masa komai, kuma da wannan aka biya shi.

A Zariya kam ya wanke kansa. Mun shiga ana kiran Azahar, kuma duk mai sa gajeren wandon keke da takalmin nan mai ƙarfe a ƙasa ya san ba zaka doshi masallaci a haka ba. Ashe tun a shago ya ce kowa ya kawo leda da dogon wando ko jallabiya da silifas ya rubuta suna a jiki, ga buta ga tabarma ga jarkar ruwan alwala daban da na sha. Wannan tunanin wanda ya san mutanensa ne. Muna sallah muna cin abinci a Tudun Wada, shi bai zauna ba, ya jera kekunan jikin bas yana bin su ɗaya-ɗaya, ya goge ƙurar cen ya ɗiga mai, ya taɓa iskar kowace taya, ya gano birkin wani da ya karkace yana goga tun Jaji mai shi yana ta zaton ƙarfinsa ne ya ƙare. Sai da aka kai masa shinkafa da wake har inda yake sannan ya ci a tsaye. Ya kuma hana mu fura da nono mai yawa, yace a sha kaɗan in ba haka ba barci da nauyin ciki zasu kama mu a hanya, wasu basu ji ba, sun kuma gani.

Dawowa iska na bayanmu tana turawa, keke na gudu da kansa, har waɗanda suka yi niyyar shiga bas suka fasa. Matsalar ita ce hunturu baya bari ka san kana zufa, tana bushewa kafin ka gan ta, sai dai ka ga farin gishiri a rigarka da leɓe ya tsage. A irin wannan tafiya mutum na buƙatar wajen rabin lita ko fi duk awa, ya kuma dinga ɗan cin wani abu kafin yunwa ta zo. Lissafin ruwan da aka yi bai kai ba, tun kafin Jaji jakunkunan fiya wata suka ƙare ƙanƙara ta narke, sai tsayawa ake ana saye a ƙauyuka. Mutum biyu jijiyar cinyarsu ta ɗaure, babu ORS ko ɗaya a motar, Baba ne ya sa aka samo gishiri da sukari wajen mai shayi ya haɗa, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Akwatin agajin gaggawa kuwa da aka buɗe lokacin da wani ya goge gwiwa a tsakuwa, auduga ce da aidin da filasta guda, shikenan. Akwatin kayan keke kuwa har da sifok na ajiya da wayar giya da ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya kala-kala. Ka ga inda hankalinsa yake.

Duk da haka kowa ya shigo Kawo kafin Magariba, wanda dama shi ne sharaɗin da muka sa wa kanmu saboda ba hanyar da za a yi dare a kai da keke bace, kuma ba keke ɗaya da ya dawo a cikin bas saboda lalacewa. Waɗanda suka hau bas ƙafarsu ce ta gaza. Bayan kwana biyu ya turo saƙo a guruf, shi da baya ɗaukar waya, yace duk wanda aka sa wa sabuwar wayar giya ko ta birki ya kawo a sake ɗaurewa kyauta saboda sabuwa tana saki bayan doguwar tafiya. Na kai nawa, ya murɗa ɗan abun daidaitawa rabin zagaye giya ta koma tsit, ko kuɗin shayi ya ƙi karɓa.

In kekenka na zuwa kasuwa ne ko na kai yara makaranta, kada ka wahalar da kanka da aljihunka, mai gyaran unguwarku ya ishe ka. In kuma mai giya ne kana shirin wuce kilomita ɗari, kai masa, amma ka kai da saura sati biyu ba kwana biyu ba, ka naɗe firam ɗin da tsumma, ka gwada tub ɗin ajiyar a rim ɗinka tun a gabansa. Kulob ya riga ya yanke cewa tafiyar Kachia da ake shiryawa shi za a sake ɗauka, sai dai wannan karon ruwa da abinci da akwatin magani an damƙa wa wani ɗanmu ma'aikacin jinya, za a ɗauki ɗan acaɓa ɗaya ya bi 'yan gaba da tub da famfo, bas kuma a gidan shugaban kulob zata kwana da mai a tankinta, makulli a hannun Baba.